ZAUREN SHAWARA: In Ruwan Rijiya Ya Ja Baya

Zancen da mu ke so mu yi da ku a wannan wata na rijiya ne, musamman irin ta burtsatse, wadda a nan mu ke kira bohol. Kumasi ta yi girma ƙwarai, ruwan famfon da ke zuwa daga Barekese da Owabi ba ya kai wa ko wane gida ko wace rana. Sabo da haka daga Aboabo har Sawaba, daga Asawase har Tafo, mutane da yawa sun tara kuɗi sun haƙa tasu, wani don iyalinsa da 'yan hayarsa, wani don ya sayar da ruwa, wani don masallacin ƙofar gidansa. To, in an sami 'yan shekaru sai a ga ruwan ya fara ja da baya. Tankin da a da ke cika kafin a gama karin kumallo, yanzu sai azahar ta yi bai kai rabi ba. Mai koko na jira, mai wanki na jira, 'yan haya kuwa sun fara gunaguni.

Da an kai nan sai masu ba da shawara su yi yawa. Wannan ya ce a zuba asid, wancan ya ce ai ruwan batir ya fi ƙarfi, wani kuma ya ce rijiyar ta mutu, sai a haƙa sabuwa. Gaskiya ne ana wanke rijiya da magani, kuma wadda ta toshe ta kan dawo ta ba da ruwa kusan kamar da, da kuɗin da bai kai na sabon haƙa ba. Amma ko wane ciwo da maganinsa, kuma a cikin magungunan nan akwai wanda in an yi kuskure da shi ya kan ɗauki rai. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana muku abin daki-daki.

Mu ba baƙin rijiya ba ne. Kakanninmu fataken goro sun zauna a Salaga, garin da har yau a ke kira mai rijiya dubu, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa su zuwa Karaci da Kumasi da sauran garuruwa. Sun san yasa sarai: in ruwa ya ja, a shiga a kwashe laka, a buɗe idon ruwa. Amma bohol ba a shiga cikinta. Rami ne siriri wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, an zura masa bututun roba, can ƙasa kuma bututun yana da ƙananan tsage kamar rariya, an kewaye shi da tsakuwa. Ta waɗannan tsage ruwan ƙasa ke tsattsafowa ya shigo. In sun toshe, ko da kogi ne a bayansu, ba abin da zai kai ga injin.

A fara sanin ciwon

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a sayi ko cokali ɗaya na magani, sai a yi awo, awon kuwa ba ya bukatar komai sai igiya mai ɗan ƙarfe a bakinta. Da asuba, kafin a kunna injin, a zura igiya a ga ƙafa nawa za a yi kafin a taɓa ruwa. Sa'an nan a kunna injin ya yi sa'a guda, a sake aunawa. Abu uku ne za a iya gani.

In ruwan bai sauka ba sai kaɗan, amma abin da ke fitowa a bakin famfo tsirit ne, to rijiya lafiyarta lau. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Injin ne ya gaji, ko bututun da ke ɗauko ruwa ya huje ko ya cushe. Wannan aikin makaniki ne, ba ruwansa da magani.

In kuwa tun da asuba, ba a ja ko ɗigo ba, an tarar ruwan ya yi ƙasa ainun fiye da inda a ke samunsa a shekarun baya, to ruwan ƙasar ne kansa ya sauka, ko don rani ya tsananta, ko don maƙwabta da yawa sun haƙa tasu kusa ana ta ja wuri guda. Nan ma ba maganin da zai yi amfani. Wanda ya sayar maka da asid a wannan hali ya ci kuɗinka a banza.

Amma in da asuba ruwan yana nan inda aka saba samunsa, da an kunna injin sai ya faɗi da sauri har injin ya fara shan iska, in an kashe kuma ya daɗe bai dawo ba, wannan ita ce alamar toshewa. Ruwa na nan, hanyarsa ce ta rufe. A nan ne wanki da magani ke da amfani.

Abubuwan da ke toshe rijiya

Na farko shi ne tsatsa. Ƙasar Asante da yankunan yamma da gabas suna da ƙarfe narkakke a cikin ruwansu a wurare da yawa. In an ɗebo ruwan sai a gan shi garai, amma in ya kwana a bokiti ya sha iska sai ya yi ja, ya bar gari a gindi. Masana sun ce da ƙarfen ya wuce miligiram 0.3 a lita guda sai ya fara ɓata farin kaya, shi ya sa farar shaddar maigida ke komawa ruwan ƙasa. Abin da ke faruwa a bokiti shi ke faruwa a cikin rijiya. In ana jan ruwa fiye da ƙarfinta har ya sauka ƙasa da rariyar nan, iska ta kan taɓa wurin, tsatsa ta kwanta a kan tsagen, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta daskare.

Na biyu waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ƙarfen nan ne abincinsu. Su ba su sa ciwo, amma suna yin wani yauƙi ja-ja mai kama da majina, wanda ke manne wa bututu da injin da tsakuwa. In kun buɗe tanki kuka shafa jikinsa kuka ji santsi, ko ruwan yana warin fadama, to su ne. Sau da yawa da ƙazaman kayan aikin masu haƙa ko masu gyara a ke shigo da su daga wata rijiya.

Na uku farin ɓawo ne, irin wanda ke kama gindin butar shayi a garuruwa masu ruwa mai kauri. In an ciro injin aka ga ɓawo a jikinsa, a kankaro kaɗan a matsa masa lemun tsami. In ya yi kumfa yana tsuwa, shi ne. Amma ku sani ruwan ƙasar Kumasi yawancinsa mai ɗan tsami ne, ba mai kauri ba, don haka wannan ciwo bai yawaita a nan kamar tsatsa ba. Tsamin nan ma wata ɓarna ya ke yi dabam: yana cin bututun ƙarfe, har jan ruwan da a ke gani wani lokaci daga bututun ne ya ke fitowa. Dalilin da ya sa ke nan aka sake wa famfon hannu na India Mark II fasali a Gana, aka sa masa bututun ƙarfen da ba ya tsatsa. Wanda ke da tsohon bututun ƙarfe a rijiyarsa, ya canja shi da na roba tukuna ya ga abin da zai biyo baya.

Na huɗu laka ce da ƙananan yashi, waɗanda ke biyo ruwa su cika gindin rijiya har su binne rariya. Babban maganinsu injin iska ne, wanda a ke hura wa a ciki ya tumbuɗo da su waje.

Kulorin, maganin yauƙi

Kulorin shi ne abin da ke cikin ruwan bilic na wanki, akwai kuma farin garinsa mai ƙarfi wanda a ke sayarwa da sunan HTH, wanda kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari nasa kulorin ne. Shi ke kashe halittun nan masu yauƙi, shi ke kuma kashe ƙwayoyin cuta. Wannan aiki maigida mai hankali yana iya yi da kansa, muddin ya yi lissafi, lissafi kuwa ba ya gagarar ɗan kasuwa.

A fara sanin yawan ruwan da ke cikin rijiyar. Bohol mai faɗin inci 5 tana ɗauke da kamar lita 12 a ko wace mita ta zurfin ruwa, watau in ruwan ya kai zurfin mita 40, kusan lita 500 ke nan. Rijiyar hannu kuwa mai faɗin mita guda tana ɗauke da kamar lita 785 a ko wace mita, watau in ruwan mita 4 ne, ya haura lita 3,000 kaɗan. Ga ko wace lita 1,000 a sa garin kamar giram 150. In yauƙin ya yi yawa a ninka, ya zama giram 300. Kada a zuba garin tsurarsa. A narka shi a bokitin roba a fili inda iska ke kaɗawa, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a zuba. Sa'an nan a kunna injin a mai da ruwan cikin rijiyar da tiyo, yana zagawa yana wanke jikin bututu, a kuma buɗe ko wane famfo na gida har a ji warin maganin, a rufe. A bar shi sa'a 12 zuwa 24, ba sha, ba girki, ba alwala. Kashegari a yi ta fitar da ruwan har warin ya ɓace, kada kuwa a kwarara shi kan shuka ko inda dabbobi ke sha. In bilic za a yi amfani da shi, a nemi wanda ba a sa wa turare ba.

Amma kada a yaudare ku: kulorin ba ya narka tsatsar da ta riga ta daskare, ba ya narka ɓawo. Halittun nan kuma da wuya su ƙare ƙaf, su kan dawo bayan wani lokaci. Rijiyar da ta taɓa kamuwa da su sai a riƙa yi mata wannan wanki ko wace shekara.

Asid, aikin gwanaye

Tsatsa da ɓawon da suka daskare, asid ke narka su. Masu wannan sana'a suna da iri-iri. Akwai haidurokulorik, mai ƙarfi da sauri, amma hayaƙinsa na ƙona huhu, yana kuma cin ƙarfe. Akwai salfamik, wanda gari ne, ya fi jinkiri amma ya fi sauƙin sarrafawa. Akwai kuma gilaikolik, wanda ke taɓa yauƙi da tsatsa gaba ɗaya. Ga yadda gwani ke yi. Ya ciro injin tukuna. Ya zura buroshi ya goge cikin bututun, ya hura iska ya fitar da dattin, don kada magani ya ƙare ƙarfinsa a kan abin da hannu zai iya cirewa. Sa'an nan ya kai maganin daidai wurin rariya ta cikin siririn bututu, ya yi ta tura ruwan yana janyowa, don ya ratsa tsage ya shiga cikin tsakuwa. Ya bar shi sa'o'i, wani lokaci har kwana. Daga nan ya fitar da ruwan cikin rami ko ganga, ya kashe tsaminsa da farar ƙasa kafin ya zubar, yana gwada ruwan rijiyar da takardar awon tsami har ya koma yadda ya ke tun farko. Sai bayan wannan duka a ke sa kulorin a gama.

Mun jera muku wannan ne don ku san abin da za ku duba in kun kira ma'aikaci, ba don ku yi da kanku ba. Wanda ya zo da jarka guda ya bulbula daga sama ya miƙo hannu a biya shi, bai yi aiki ba, ya dai zuba guba a ruwan iyalinka. Ga abubuwan da mu ke roƙonku ku riƙe da kyau.

Kada a taɓa haɗa kulorin da asid, ko a bokiti, ko a cikin rijiya, ko a ajiye su ɗaki guda. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin, ita ce iskar nan mai guba da aka yi yaƙi da ita a Beljiyam a 1915.

Kada a zuba ruwan batir. Ba ya narka farin ɓawo yadda a ke zato, sai ma ya mai da shi wani abu mai tauri da ya fi na da wuyar fita. In kuwa daga tsohon batir aka tsiyayo shi, yana ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, lalacewar da ba ta gyaruwa.

In za a sirka, asid a ke zubawa cikin ruwa sannu-sannu. In an zuba ruwa cikin asid ya kan tafasa ya fantsamo a fuska. Wanda ya taɓa shi a ido ko a jiki, a yi ta kwarara masa ruwa mai yawa aƙalla minti 15, a kai shi asibiti.

Rijiyar hannu mai zoben siminti ba a sa mata asid ko kaɗan, gama yana cin siminti. Abin da ta ke so yasa ce, da goge bango, da kulorin.

Masu shiga rijiya

Tun da mun ambaci yasa, tilas mu yi kashedi. Akwai iskar da ta fi wadda mu ke shaƙa nauyi, ta kan kwanta a gindin rijiya, ba ta da wari, ba ta da launi, asid ma in ya taɓa ɓawo ita ya ke fitarwa. Mutum ya sauka da ƙarfinsa, kafin ya ce wayyo ya faɗi. Dubarar iyayenmu ta zura fitila mai ci a ga ko za ta mutu tana da kyau, in ta mutu kada kowa ya shiga. Amma cin fitila bai nuna babu sauran guba ba. Injin fetur da a ke saukarwa ciki ko a ajiye a bakin rijiya don zuƙe ruwa, hayaƙinsa ya kan kashe mutum fitila na ci. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙirji, ƙarfafa biyu na riƙe da ita a sama. In ya faɗi a jawo shi da igiyar, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 192 ko 112. Kada wani ya ce zai dira ya ɗauko shi, domin a irin wannan hatsari sau da yawa gawa biyu ko uku a ke fitarwa, na farko da waɗanda suka bi shi ceto.

Wa za a kira, me za a tambaya

Gana tana da Hukumar Kula da Albarkatun Ruwa, wadda dokar 1996 ta kafa, kuma tun 2006 akwai ƙa'idar cewa mai haƙa bohol sai ya riƙe lasin daga wurinta. Wanda za ku ba aikin rijiyarku, ku nemi ganin takardarsa. Ku tambaye shi wane ciwo ya gani, da wace alama ya gane, wane magani zai sa, ina zai zubar da ruwan wankin. Ku auna ruwan a gabansa kafin ya fara, ku sake aunawa in ya gama, a kuma shirya tun farko cewa cikon kuɗinsa sai an ga bambanci. Araha ba ta ado. Bayan mako biyu da gama aiki a ɗebi ruwa a kai ɗakin gwaji, akwai a Jami'ar Kwame Nkrumah nan Kumasi, akwai kuma a Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR a Ankara. A fara zuwa a karɓo kwalbarsu, su za su faɗi yadda a ke ɗiba. Wanda ke sayar wa jama'a ruwa, wannan gwaji ya fi zama wajibi a kansa, gama amanar lafiyar unguwa ce a hannunsa. Ba mu manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200.

Har wa yau a tuna ruwan ƙasa bai san katanga ba. Gidajenmu a matse su ke, rijiyarka da ta maƙwabcinka wataƙila ido guda su ke sha. In za ka sa magani ka sanar da shi tun da wuri, ya tanadi ruwan kwana biyu. Salga ko ramin ƙazamin ruwa kuma ana so ya yi nesa da rijiya da kamar mita 30. Mun sani a Zongo wannan ba ko yaushe ya ke yiwuwa ba, shi ya sa wanda tasa ke kusa da salga kada ya dogara da kyan ganin ruwa, ya riƙa kai shi gwaji.

Littafin rijiya

Ko wane ɗan kasuwa a cikinku yana da littafin bashi. Muna ba da shawara a buɗe wa rijiya nata shafi. Ran ɗaya ga ko wane wata a ɗauki galan rawaya ɗin nan da a ke kira galan Kufuor, a tara shi a bakin bututun da ke fitowa daga rijiya, a duba agogo, a rubuta daƙiƙa nawa ya yi ya cika, a rubuta kuma awon igiyar asuba. Galan ɗin da a da ke cika a daƙiƙa 60, in ya koma 80, rubu'in ruwan ya tafi ke nan. Masana rijiya sun ce a daidai nan ne ya kamata a yi wanki, tun ɓawon yana da taushi. In an bari har ruwan ya koma rabi ko ƙasa da haka, ko an wanke da wuya ta komo yadda ta ke. Kada kuma a sa wa ƙaramar rijiya babban inji don a cika tanki da wuri, gwamma ƙarami ya yi ta ja sannu, ruwan bai sauka ƙasa da rariya ba. A rufe bakinta da kyau, duk kayan aikin da za a zura ciki kuwa a wanke su da ruwan bilic tukuna.

Muna roƙon masu unguwa da shugabannin ƙungiya su tara sunayen gidajen da rijiyarsu ta ja baya. In gida biyar ko shida suka haɗu suka kira gwani guda da injin iskarsa a rana ɗaya, kuɗin ɗauko injin zai rabu, ko wa ya sami sauƙi. Wanda ke da tambaya a kan wannan ya kawo ta ofishin ƙungiya, za mu amsa a wannan fili. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wani watan, in Allah ya kai mu.